Yadda Ake Shirya wa Sashen Karatu na Jarrabawar Faransanci ta DELF B1

Ɗalibai da yawa a Zariya, musamman waɗanda ke Sashen Faransanci na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da masu koyon harshen a gefe domin neman aiki ko ƙarin karatu, suna ɗaukar sashen karatu na jarrabawar DELF B1 a matsayin wanda ya fi sauƙi. Hujjarsu ita ce rubutu yana nan a gaban mutum, ba ya wucewa kamar muryar da ake saurara, kuma babu malamin da ya zuba maka ido kamar a jarrabawar baka. Wannan tunani ne ke sa a bar sashen sai an kusa shiga ɗaki, a kuma zubar da maki a inda ya kamata a tara su. Abin da ake aunawa a nan shi ne ko mutum zai iya gano abin da takarda ta faɗa cikin ƙayyadadden lokaci, ya kuma bambanta shi da abin da shi kansa yake zato. Duk shirin da za a yi, a kan wannan ya kamata ya ginu.

Sanin fasalin jarrabawar kafin komai

DELF takardar shaidar iya Faransanci ce ta Ma'aikatar Ilimi ta Faransa, an ƙirƙiro ta a 1985, kuma hukumar France Éducation international ce ke kula da ita. Tana bin ma'aunin harsuna na Turai mai matakai shida, daga A1 zuwa C2, inda B1 yake mataki na uku, wato na wanda ya fara tsayawa da ƙafarsa a harshen. Sassan huɗu ne: sauraro, karatu, rubutu da magana, kowanne da maki 25. Ana cin jarrabawar da maki 50 cikin 100, amma da sharaɗin kada mutum ya samu ƙasa da maki 5 a ko da sashe ɗaya. Wanda ya ci, shaidarsa ba ta daina aiki har abada.

Ana yin sauraro da karatu da rubutu a zama ɗaya na awa 1 da minti 55, kuma rabon karatu a ciki minti 45 ne. Aiki uku ake bayarwa. A na farko, mai maki 8, ana kawo bukatar wani mutum tare da gajerun tallace-tallace huɗu, a ce a duba ko kowane talla ya cika sharuɗɗan da aka lissafa. Na biyu mai maki 8 da na uku mai maki 9 matani ne irin na jarida ko mujalla, da tambayoyin zaɓi da na gaskiya ko ƙarya.

A nan akwai abin da ya kamata ɗalibin Zariya ya lura da shi sosai. Tun daga 2020 aka fara shigo da wannan sabon tsari. A tsohon tsari minti 35 ake bayarwa, aiki biyu ne, ana rubuta wasu amsoshi da hannu, kuma idan mutum ya ce magana gaskiya ce ko ƙarya sai ya kwafo jimlar da ta tabbatar da hakan. Da yawa daga cikin takardun gwaji da ke yawo hannu zuwa hannu, waɗanda aka yi ta ɗaukar hotonsu a shagunan Samaru har rubutun ya dusashe, na tsohon tsari ne. Ba a ce a yar da su ba, domin matanin da ke cikinsu yana da amfani. Amma matakin farko shi ne a shiga shafin France Éducation international a sauke samfurin sabon tsari tare da amsoshinsa, kyauta ne, a buga shi a takarda. Batun ranar jarrabawa, kuɗin rajista da wurin zama kuwa, cibiyar koyar da Faransanci ta Alliance Française da ke Kaduna ko Kano za a tuntuɓa kai tsaye, kada a dogara da abin da aka ji a bakin wani.

Gwajin farko, da agogo a gefe

Kafin a buɗe wani littafin nahawu, a zauna a yi samfuri guda cikakke: minti 45, ba ƙamus, ba waya, da biro a hannu. Makin da aka samu ba shi ne abin dubawa ba. A ɗauki kowace amsa da aka faɗi a tambayi kai dalili. Ko dai akwai kalmar da ba a sani ba, ko an karanta tambayar a gurguje, ko an amsa da abin da aka sani tun daga gida ba da abin da ke rubuce ba, ko kuma lokaci ne ya ƙare. A ware littafi guda a riƙa rubuta waɗannan dalilai bayan kowane gwaji. Bayan gwaji uku ko huɗu mutum zai ga cewa kurakuransa iri ɗaya ne ke maimaita kansu, kuma a ganina wannan littafi ya fi kowane littafin da za a saya amfani, domin shi kaɗai ne aka rubuta a kan matsalar mai shi.

Sauya yadda ake karatu

Wannan shi ne mataki mafi tsawo, kuma shi ne ke bukatar haƙuri. Yawancinmu ta hanyar Ingilishi muka shiga Faransanci, saboda haka idan ɗalibi ya ga jimla sai ya mayar da ita Ingilishi a zuci, daga nan ya fahimce ta da Hausa. Zango biyu ke nan a kan kowace jimla, kuma minti 45 ba za su ɗauki wannan tafiya ba. Bugu da ƙari, hanyar Ingilishi tana da ramuka, domin akwai kalmomin da suka yi kama a rubuce alhali ma'anarsu ta bambanta. *Librairie* kantin sayar da littattafai ne, ba laburare ba. *Location* haya ce. *Actuellement* na nufin a halin yanzu. *Assister à* halartar taro ne, ba taimakawa ba. *Collège* kuwa ƙaramar sakandare ce, wadda yaro ke shiga kafin *lycée*, wato babbar sakandare. Duk wanda ya taɓa faɗawa ɗaya daga cikin waɗannan ramuka, ya buɗe musu shafi na musamman a littafinsa.

Abin da ba a cika faɗa wa Bahaushe ba shi ne harshensa ya fi kusa da Faransanci a wasu wurare masu muhimmanci. Muna kore magana da kalma biyu, mu ce ba mu je ba, su ma haka suke yi da *ne* da *pas*. Mafi amfani ma shi ne *ne … que*, wadda ke kayar da ɗalibai da yawa saboda suna ganin *ne* sai su ɗauka an kore maganar gaba ɗaya. Jimlar *Le musée n'ouvre que le samedi* daidai take da mu ce gidan tarihin ba ya buɗewa sai Asabar. Yana buɗewa ke nan, amma ranar Asabar kaɗai. Haka nan mun saba bambanta namiji da mace a cikin sunaye, don haka bin sawun *il* da *elle*, ko *celui-ci* da *celle-ci*, domin gano wa ake nufi a tsakiyar sakin layi, ba baƙon aiki ba ne a wurinmu. Idan dole sai an fassara, a fassara zuwa Hausa kai tsaye.

Sai batun karatu a bayyane. Wanda ya tashi da allo yana da ƙarfin hadda da ba kowa ke da shi ba, kuma wannan baiwa za ta yi masa aiki wajen riƙe kalmomi. Sai dai sabon motsa leɓe a kan kowace kalma yana rage sauri, kuma a ɗakin jarrabawa ido ne kaɗai ke aiki. A riƙa horar da ido ya ɗauki kalma uku ko huɗu a tare, ya wuce wadda bai sani ba ba tare da ya tsaya ba. A karanta matani sau ɗaya har ƙarshe babu ƙamus, a rufe takardar, a faɗi da Hausa cikin jimla biyu abin da aka fahimta. Bayan haka ne za a koma a duba kalmomi, su ma ba duka ba, sai waɗanda suka hana fahimta ko suka maimaitu.

Abin karantawa ba ya wuya. Shirin *Journal en français facile* na RFI yana zuwa da rubutaccen bayanin abin da aka faɗa, shafin koyon Faransanci na tashar talabijin ta TV5Monde yana da darussa da aka rarraba bisa mataki, *1jour1actu* kuma labarai ne da aka rubuta wa yara cikin harshe mai sauƙi. Jaridar *Le Sahel* ta Nijar tana da nata amfani, domin labarin Maraɗi ko Damagaram ba baƙo ba ne ga mutumin Zariya, kuma sanin batu yana taimaka wa mutum ya yi hasashen ma'anar sabuwar kalma. Wanda ya ji labari a sashen Hausa na RFI da safe, ya nemi irinsa da Faransanci da yamma, zai ga yadda karatun ke sauƙi. Saboda yanayin wuta da data, gara a sauke matani da yawa lokaci guda a ajiye, ko a buga su. Minti 20 zuwa 30 kullum, bayan sallar asuba ko duk lokacin da gida ya yi shiru, sun fi awa huɗu a rana ɗaya cikin mako.

Sai dai kada a tsaya a labaran Afirka ta Yamma kaɗai. Matanin jarrabawar yawanci daga rayuwar yau da kullum ta Faransa ake ɗauko shi: aiki, makaranta, hutu, muhalli, lafiya, gidan haya, wayar hannu da intanet. Ya kamata ɗalibi ya san cewa *stage* zaman koyon aiki ne irin wanda ɗalibanmu ke fita yi, *colocation* haɗuwa ce a kama hayar gida ɗaya, *covoiturage* shiga motar wani ne a raba kuɗin mai, *bénévolat* aikin sa-kai ne, *mairie* kuma ofishin magajin gari. Irin waɗannan kalmomi suna dawowa a kai a kai, kuma wanda bai san abin da suke nufi a rayuwar mutanen can ba, ƙamus kaɗai ba zai fitar da shi ba.

Aiki na farko: tallace-tallace huɗu

Wannan aiki ba a karanta shi daga sama zuwa ƙasa. Yadda ɗalibi ke tsayawa gaban allon sakamako yana neman lambarsa ba tare da ya karanta sunan kowa ba, haka ake yi a nan. A fara da umarnin, a ja layi a ƙarƙashin sharuɗɗan, sannan a shiga talla na farko da sharuɗɗan a ka. Tallace-tallace huɗu ne, kowanne da sharuɗɗa huɗu, akwatuna 16 ke nan na *Oui* ko *Non*, kowanne da rabin maki.

A ɗauka an ce iyali na neman masauki kusa da tashar jirgin ƙasa, wanda kuɗinsa bai wuce yuro 80 ba, da karin kumallo a ciki, kuma a buɗe yake ranar Litinin. Talla ya ce: *À deux pas de la gare. Chambres à 75 euros. Petit-déjeuner en supplément. Ouvert tous les jours sauf le lundi.* Sharaɗi na farko ya cika, domin *à deux pas* na nufin dab da wurin, ko da yake ba a yi amfani da kalmar kusa ba. Na biyu ma ya cika. Na uku bai cika ba, domin *en supplément* na nufin sai an ƙara kuɗi, kuma mai gaggawa da ya ga kalmar karin kumallo kawai zai zaɓi *Oui* ya faɗi. Na huɗu ma bai cika ba saboda *sauf*, wato ban da. Ƙananan kalmomi irin waɗannan su ne ke riƙe da makin: *compris* da *inclus* na cewa yana ciki, *gratuit* kyauta, *dès* da *à partir de* daga kaza zuwa sama, *jusqu'à* har zuwa, *moins de* ƙasa da, *uniquement* kaɗai. A kuma saba da agogon awa 24, inda 18h ke nufin ƙarfe 6 na yamma, da cewa *quinze jours* a bakin Bafaranshe mako biyu ne. A nan haddar ta yi rana: a haddace su sarai, a yi ta gwada su a kan tallan otal, na kwasa-kwasai da na gidajen haya da ke intanet.

Aiki na biyu da na uku: dogon matani

A fara da take, da 'yar gabatarwar da ke ƙarƙashinsa idan akwai, da sunan jaridar da aka ciro shi. Daga nan a karanta tambayoyin, ba tare da an nutse cikin zaɓuɓɓukan ba, domin a san abin da ake nema. Sai a karanta matanin sau ɗaya a tsanake. Tambayoyin galibi suna bin jerin matanin, saboda haka amsar tambaya ta uku tana tsakanin inda aka samu ta biyu da inda za a samu ta huɗu, kuma wannan kaɗai yana rage yawon ido.

Ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ita ce kowace amsa sai an nuna mata layi a cikin matani. Sabon tsari ya daina neman a kwafo hujja, amma ina ganin kuskure ne ɗalibi ya daina nemanta. Lokacin gwaji a gida, a rubuta lambar tambaya a gefen jimlar da ta ba da amsar. Idan ba a samu jimlar ba, to zato ake yi. Wannan yana kare mutum daga tarkon da ya fi kama ɗalibai masu ilimi, wato zaɓin da yake gaskiya ne a duniya amma marubucin bai faɗe shi ba. Matani zai iya magana a kan wayar hannu a makarantu, zaɓi ɗaya ya ce waya na ɗauke hankalin yara, kowa ya san haka ne, amma idan abin da marubucin ya dame shi shi ne tsadar wayar, wancan zaɓi ba amsa ba ne.

Tarko na biyu shi ne zaɓin da ya ɗauko kalmomin matanin yadda suke. Amsar gaskiya yawanci tana faɗin maganar da wasu kalmomi dabam: matani ya ce *les prix ont baissé*, amsa ta ce *c'est moins cher*, duka biyun na nufin abu ya yi araha. Zaɓin da ya maimaita kalma ɗaya tak daga sakin layi ya cancanci a sake dubansa da kyau. Hanyar horo a nan ita ce a riƙa ɗaukar jimla daga abin da aka karanta a sake faɗinta da Faransanci ta wata siga, ko da sigar ba ta yi kyau ba.

Na uku kuma mahaɗan jimla ne, waɗanda su ke nuna inda marubuci ya dosa. A duba wannan: *Certes, le télétravail fait gagner du temps, mais il isole les salariés.* Marubucin ya yarda cewa aiki daga gida na rage ɓata lokaci, amma ra'ayinsa na gaskiya yana bayan *mais*, wato yana raba ma'aikaci da mutane. Wanda ya tsaya a rabin farko zai ce marubucin na goyon baya, kuma ya faɗi. *Pourtant*, *cependant*, *en revanche*, *malgré* da *bien que* duk suna juya magana. *Grâce à* dalili ne mai kyau, *à cause de* yawanci mara daɗi, *donc* kuma sakamako. A zagaye su da biro duk inda aka gan su. Haka ma kalmomin adadi: *la plupart* mafi yawa ne, ba duka ba, *certains* wasu ne, *souvent* sau da yawa ne, ba kullum ba. Tambayoyin gaskiya ko ƙarya sukan tsaya a kan wannan ɗan bambanci.

Abu na ƙarshe a wannan fanni shi ne sanin mai magana. Labarin jarida yakan kawo muryoyi da yawa, ga malami, ga iyaye, ga jami'i, kuma *selon* ko *d'après* su ke nuna cewa maganar ta wani ce. Idan tambaya ta ce mene ne ra'ayin malamin, ba a amsa ta da maganar marubuci. 'Yan jaridar Faransa kuma suna da wata siga ta aikatau da suke nuna labarin da bai tabbata ba: *le projet coûterait deux millions* daidai yake da mu ce wai aikin zai ci miliyan biyu. Wanda ya gane wannan wai ɗin ba zai ce an tabbatar da kuɗin ba.

Makonnin ƙarshe da ranar jarrabawa

Wata biyu zuwa uku sun isa ga wanda ya riga ya kai matakin. A makonnin farko a fi ba karatun kullum da haddar ƙananan kalmomi ƙarfi, a yi gwaji cikakke sau ɗaya a mako. A wata na ƙarshe a mayar da shi sau biyu, kuma aƙalla sau ɗaya a haɗa sauraro da karatu da rubutu a zama guda, domin a ji yadda gajiya ke shiga. Yin gwaji tare da abokin karatu yana da amfani idan bayan an gama kowa zai kare amsarsa da layi daga matani, ba da cewa haka ya ji a ransa ba.

Rabon lokaci da nake ba da shawara shi ne minti 10 zuwa 12 ga aiki na farko, kimanin 14 ga kowane dogon matani, a bar 5 domin dubawa. Idan tambaya ta ƙi, a yi mata alama a wuce, domin maki ɗaya ko ɗaya da rabi bai kai a sadaukar masa da aiki na uku ba, wanda shi ne mafi yawan maki kuma shi ake iskewa a gajiye. Wanda zai taso daga Zariya zuwa Kaduna ko Kano, ya fi masa ya kwana can idan da hali, ya tanadi katin shaida, takardar gayyatar jarrabawa, biro biyu da agogon hannu na gargajiya, tunda waya ba ta shiga aiki a ɗakin, ƙamus ma haka.

A minti biyar na ƙarshe a bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya a tabbatar babu wanda aka bari fayau, domin ba a rage maki saboda amsar da ba daidai ba, kuma a tambayar gaskiya ko ƙarya ko zato ma yana da rabin dama. A duba cewa ba a sa alama biyu a tambaya ɗaya ba. Amsar da aka riga aka zaɓa kuwa, kada a canza ta sai an koma matani an ga jimlar da ta nuna cewa ta farkon kuskure ce.